Tambayoyinku: Ɗana ya ƙi kowane littafi sai na ɗan sanda mai kan kare

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Ɗana yana aji uku a firamare. Ƙanen babansa ya kawo masa tsarabar wani littafin Turanci mai zane-zane, sunansa Dog Man, wai ɗan sanda ne mai kan kare. Tun ranar bai ajiye shi ba, ko tuwo yake ci littafin na gefensa, sai ki ji ya tuntsire da dariya shi kaɗai. Littafin makaranta kuwa sai an kai ruwa rana. Malaminsu ya ce wannan ba karatu ba ne, kallon hoto ne, kuma akwai kalmomin da aka rubuta ba daidai ba. Ni abin da ya fi damuna, a rasa jarumin da za a ba yaro sai kare? In ƙwace ne? Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: 'Yar'uwa, kada ki ƙwace. Na koyar a firamare, na san irin wuyar da ake sha kafin yaron aji uku ya buɗe littafi don kansa, ba don tsoron bulala ba. Naki ya buɗe mai shafi sama da 200, kuma yana maimaita shi.

Wanda ya zana littafin Ba'amurke ne, Dav Pilkey, an haife shi a 1966 a jihar Ohio. Yana yaro haruffa kan rikice masa a ido, ga shi ba ya iya zama wuri ɗaya, saboda haka tun yana aji biyu ake fitar da shi waje da teburinsa don kada ya dami aji. A wajen nan ya fara zana wannan kare. Littafin farko ya fito a 2016, wasu suka biyo baya, har aka yi fim ɗinsa a 2025. Mutumin da ya ɗanɗana wannan ya san inda yaro ke gajiya da shafi, shi ya sa maganganun gajeru ne, kuma hoto na tallafa wa kowace jimla.

Labarin kansa shirme ne, ba na musu. Bam ya tashi da ɗan sanda da karensa, ɗan sandan ya rasa kai, karen ya rasa jiki, a asibiti aka ɗinke kan wannan a jikin wancan. Jarumin ba ya magana ko kaɗan, sai haushi da lashe fuskar shugabansa. To tunda ba ya magana, dole yaro ya gane abin da ke ransa daga idonsa da kunnensa da abin da wasu ke faɗa. Wannan aiki ne na ƙwaƙwalwa. Ki gwada: rufe rubutun wani shafi da tafin hannu, ki ce ya faɗa miki abin da ya faru, sannan ki buɗe ya karanta da ƙarfi. Nan take za ki san ko karatu yake ko kallo. Idan ya tsallake rubutun, malamin yana da gaskiya a kan ɗanki, sai ki zauna da shi ku bi layi-layi. Amma yawancin barkwancin a cikin maganar yake, wanda bai karanta ba ba zai yi irin dariyar da kika kwatanta ba.

Kuskuren rubutun da gangan ne. An tsara littafin kamar wasu yara biyu 'yan firamare ne suka zana shi, don haka ake ganin irin su “supa”. Ki mayar da shi wasa: duk kalmar da ya kamo ba daidai ba, ya rubuta ta daidai a bayan littafin aikinsa. Yara na son kama babba da laifi.

Batun kare kuma na fahimce ki, don a wajenmu a kira mutum kare zagi ne. A Amurka kare ɗan gida ne, alamar amana, daga can labarin ya fito. Amma mu da muka tashi da Gizo da Ƙoƙi, jaruminmu maƙaryaci ne mai haɗama, kuma ba mu lalace ba. Abin da na fi so a jerin ma ba karen ba ne, magen ne, Petey, mugun labarin. A littafi na uku ya yi ƙoƙarin ƙirƙiro wani kamarsa don su yi ɓarna tare, sai aka samu ɗan mage mai tausayi, mai yawan tambaya, wanda a hankali ya riƙa karya masa zuciya. Ki tambayi ɗanki me ya sa Petey ya canza, ki ce ya ba ki amsa da Hausa.

Inda zan ja kunnenki shi ne barkwancin bayan gida: tusa, kashi, majina, suna nan. Wani jerin littafin marubucin, Captain Underpants, shi ya zo kan gaba a littattafan da aka fi kai ƙara a kansu a ɗakunan karatu da makarantun Amurka a 2012 da 2013, don haka ba mu kaɗai ke ɗaga gira ba. Ki karanta kowanne kafin ya kai hannunsa, awa ɗaya ta ishe ki, kuma ki gaya masa a fili cewa wannan wasa ba a kawo shi gaban baƙi ko wurin cin abinci.

Aikin makaranta ya fara gamawa, sannan littafin. A ƙarshensa akwai shafukan koyon zane, ki saya masa littafin rubutu da fensir ya zana nasa labarin. Idan ya ƙoshi da kare, akwai InvestiGators na John Patrick Green, wanda ya fara fitowa a 2020, labarin kadoji biyu masu binciken sirri. Shi ma ki duba shi tukuna, don hanyarsu ta zuwa aiki ta cikin masai take bi.