Ƙaura, hijira da ci-rani: amsoshin tambayoyinku na wannan mako

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyin wannan karon kusan duk kan tafiya suka faɗa, don haka na haɗa su wuri guda.

Wani ɗalibi daga nan Damagaram ya ce: "Malam, ina jin gidajen rediyo suna kiran masu ƙetara teku zuwa Turai ƴan ci-rani, wani lokaci kuma baƙin haure, wai duk ɗaya ne?"

To ɗana, ba ɗaya ba ne, kuma ni dai wannan ci-ranin na rediyo bai taɓa kwanta mini ba. Ci-rani a bakin iyayenmu tafiya ce mai lokaci. An gama kaka, an ɗaure damman hatsi an zuba rumbu, maigida ya duba ya ga abin nan ba zai kai su wata damina ba, sai samarin gidan su ɗau ƴar jaka su nufi Kano ko Legas ko Agadas, wani ya yi ga-ruwa, wani dako, wani ya kafa teburin shayi, wani yankan farce. Riba biyu ce, an rage bakin da ke cin rumbu sannan ana aiko da ɗan abin da ya samu. Da hadari ya fara haɗuwa kuwa za ka ga tasha ta cika, kowa da buhunsa da sabuwar rediyo yana sauri kar shuka ta wuce shi. Ranin ne aka je aka cinye a waje, shi ya sa sunan. To wanda ya sayar da gonar tasa ya biya kuɗin mota zuwa Libiya da niyyar shiga jirgin ruwa, wane rani zai ci ya dawo? Wannan sai dai mu ce ya tafi biɗa, kamar yadda ake faɗa a nan, ko ekzod da muka ara wajen Faransawa.

Baƙin haure kuwa magana ce ta yadda aka shiga, ba ta dalilin tafiya ba. Haure shi ne gurbin da ganuwa ta zube, wanda ya bi ta nan bai bi ta ƙofa ba, balle masu tsaron ƙofa su san da shi. Yau ƙofar ita ce fasfo da biza. Mutum na iya zama ɗan ci-rani da takardunsa cif, ba baƙon haure ba ne.

Sai wata malama daga Mirriya da ke son bambancin ƙaura da hijira. Malama, ƙaura tashi ne gaba ɗaya, da mata da yara da turmi da tukwane, ba a bar komai ba sai kufai. Dalilinta na iya zama komai, rijiya ta ƙafe, gona ta gaji, rigimar gado, ko aiki ya mai da mutum wani gari. Ko gwamnati tana ƙaura, mu nan mun fi kowa sani tunda a 1926 Turawan mulkin mallaka suka ɗauke babban birni daga Zinder, wato Damagaram, suka kai Yamai. Fari ma ya sha tada garuruwa, na 1973 zuwa 1974 da na 1984 da dabbobi suka ƙare makiyaya da yawa suka shigo birni ba su sake komawa daji ba.

Hijira ta fi nauyi. Kalmar Larabci ce, asalinta tashin Manzon Allah (SAW) daga Makka zuwa Madina a 622, don haka a da ba a kiran tafiya hijira sai in an bar gida ne don tsira da addini. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya yi tasa daga Degel zuwa Gudu a 1804. A 1903 da Ingilishi suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi, ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da sauran har Sudan, garin da suka kafa a bakin kogin Nilu na nan da sunansa kuma ana Hausa da Fulatanci a can har gobe. Af, almajiri ma daga wannan saiwar ya fito, almuhajir, wanda ya bar gida neman karatu. Yanzu da aka ƙara wa hijira "gudu" a gaba sai ta zama ta duk wanda bala'i ya kora, kamar mutanen Diffa da Bosso da rikicin Boko Haram ya tada tun 2015 suka kafa bukkoki a bakin kwalta. Ma'aikatan agaji suna raba wanda ya ƙetaro iyaka da wanda aka kora cikin ƙasarsa, Bahaushe dai duk ƴan gudun hijira yake ce musu.

Wani Alhaji kuma, da alama mai son ja ne, ya ce Hausawa ba su da tsayayyar magana, sun ce "zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi" sun ce "tafiya mabuɗin ilimi", sannan su dai suka dawo suka ce "kowa ya bar gida, gida ya bar shi". Alhaji ranka ya daɗe, ai ba mutum ɗaya ake faɗa wa su ba. Na farkon ana jefa wa saurayin da ya kwanta gindin bedi rani guda yana jiran tuwon uwarsa. Na ƙarshen kuma na wanda ya tafi ne ya yi shiru, ba aike ba waya, aka yi aure aka yi mutuwa ba shi, ran da ya dawo ya tarar an raba gona an manta da kasonsa. Karin magana ba doka ba ce, kowanne da ranar da ake ɗauko shi.

Akwai wanda ya fi su dacewa da abin da muke gani yanzu, "abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi". A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, motocinsu sun lalace a hanyar Aljeriya ƙishirwa ta kashe su, akasarinsu mata ne da yara kuma da yawansu mutanen Kance ne, nan kusa da mu. Duk da haka tafiyar ba ta tsaya ba, ana kwaso su a manyan motoci a maido, wasu su sake komawa. Mai zagin matan nan daga inuwa ya fara zuwa ya ga girman gonar da gida mai mutum goma sha ke nomawa a wannan yanki mai cunkoson jama'a tukuna. Ban ce daidai ba ne a ɗauki yaro a kai shi bara wata ƙasa, sam, amma karin maganar dalili take nunawa ba izini take bayarwa ba.

Ta ƙarshe gajera ce, wata yarinya ta tambayi ma'anar Zango, sunan unguwarsu. Ƴata, zango masaukin ayari ne, inda fatake ke sauke kaya su huta, kuma tsawon tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki shi ma zango ne. Unguwarku nan ne Buzaye da raƙumansu ke sauka a wajen ganuwar Birni lokacin da Damagaram ke kasuwanci da Turabulus da gishirin Bilma. Shugaban ayarin shi ne madugu. Su fatake ba a ce musu ƴan ci-rani ko masu ƙaura, tafiyar ce sana'arsu, sai dai wasunsu sun yi aure a inda suka sauka, shi ya sa har Kumasi da Accra za ki tarar da unguwar Zango ana Hausa a cikinta.