Amosanin gaɓɓai: shin gadonsa ake yi?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Innata ta shekara 3 tana fama da ciwon gaɓɓai. Da safe yatsunta kan sandare, ko muciya ba ta iya riƙewa sai hantsi ya ɗaga. A asibiti an ce garkuwar jikinta ce ke cin gaɓɓanta. Ƙanena ya gani a intanet wai wani abu PTPN22 ne ke jawo shi. Mu ma zai kama mu ke nan? Daga wata baiwar Allah, yankin Birnin Kudu.

Amsa: Malama, Allah ya ba Inna lafiya. Ƙanenki bai yi ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya kawo miki.

PTPN22 ƙwayar halittar gado ce, kuma kowa yana da ita, har ni da nake ba ki amsa. Tana kan kuromosom na 1, wato ɗaya daga cikin zaruruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin halittar gado a jiki. Ita ke sa jiki ya ƙera wani furotin mai suna Lyp a cikin fararen ƙwayoyin jini, dakarun da ke yaƙar cuta. Aikinsa kamar na linzami ne a bakin doki: yana tsayar da su kada su zabura ba dalili. A wasu mutane, tubali ɗaya tak a jerin furotin ɗin, na 620, yakan zo a sauye. To sai linzamin ya ƙi zama daidai, dakaru su kasa bambance ɗan gida da baƙo. A 2004 aka gano alaƙar wannan sauyi da ciwon suga nau'i na 1, da amosanin gaɓɓai irin na Inna, da cutar lufus, wadda ita ma garkuwar jiki ce ke afka wa jiki.

Ga inda hankalinki zai kwanta. Sauyin ya fi yawa a Turawan arewacin Turai, a cikin baƙar fatar Afirka kuwa da wuya a same shi. Kuma yawancin masu ɗauke da shi har su tsufa ba sa ciwon. Ko tagwaye masu kama ɗaya, idan ɗaya ya kamu, kusan 15 cikin 100 ne kawai ɗan'uwan ke kamuwa. 'Ya'yan mai ciwon sun ɗan fi sauran jama'a haɗari, gaskiya ne, shan taba kuma na ƙara shi. A ganina, kada ku kashe ko kwabo kan gwajin wannan ƙwayar halitta.

Da kuɗin gara ku kai Inna wurin likitan gaɓɓai, ko da sai an je Kano, a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Akwai magani irin methotrexate da ke taka wa ciwon birki kafin yatsu su lanƙwashe, amma likita ne ke ba da shi, da gwajin jini a kai a kai. Ƙullin ƙwayoyin kemis da na masu talla ranar kasuwa kuwa a daina, don suna iya ɓarke mata gyambon ciki.