Batir biyu cikin shekara ɗaya, mota kuma sai an tura

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a unguwar Zariya cikin Maraɗi. Ina da Toyota Corolla ta 2004 mai giyar hannu, da ita nake zirga-zirga tsakanin gari da Ɗan Isa. Da safe in na murɗa makulli, inji da ƙyar yake juyawa, wani lokaci ma ƙas-ƙas-ƙas kawai zan ji, sai yaran unguwa sun tura ni. In ta tashi kuma sai wata ƙara "kiiii" ta fito daga gaba na ɗan lokaci, ta fi yawa in na kunna sanyi. Batir biyu na saya cikin shekara ɗaya. Ban da wannan, in na karya kwana sosai ina jin ƙwas-ƙwas a ƙafar gaba ta dama. Wani ya ce demara ce, wani ya ce inji ne ya gaji. Don Allah me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka ajiye kuɗin batir na uku tukuna. Daga bayaninka, cuta biyu nake gani a motarka, ba uku ba, kuma babu gajiyar inji a cikinsu. Ƙin tashin safe da ƙarar "kiiii" ina kyautata zaton uwarsu ɗaya. Ƙwas-ƙwas na kwana shi ne yake zaman kansa.

Batir randa ne, ba rijiya ba. Shi dai ajiye wuta yake yi, mai zuba masa ita ce alternata, ita kuma alternata bel ne yake juya ta. Ƙarar nan da kake ji bayan mota ta tashi, kukan bel ne yana zamewa a kan fule, wato ƴar tayar ƙarfen da yake juyawa. A daidai lokacin alternata take ɗaukar nauyi mafi girma, domin tana ƙoƙarin mayar da wutar da demara, wato na'urar da ke juya inji wajen tayar da mota, ta kwashe; ka ƙara mata kwamfaresan sanyi, bel ɗin da ya saki ko ya yi sulɓi ba zai riƙe ba. In yana zamewa, caji ba ya cika. Yau a rage kaɗan, gobe a rage kaɗan, ga fitila da dare, ga gajerun tafiye-tafiye cikin gari, daga gida zuwa babbar kasuwa a kashe mota, sai wata safiya randa ta ce ba ruwa. Batirin mota kuwa ba ya son a riƙa sauke shi ƙasa warwas. In aka yi masa haka sau da yawa, ko sabo ne fil, mutuwa yake. Shi ya sa nake zargin ba batura marasa kyau aka sayar maka ba, motarka ce take cinye su.

Amma zato ba hujja ba ne, kuma gwajin ba ya cin minti goma. Je wurin mai gyaran wutar mota wanda yake da mita, ka tsaya a kansa. Mota a kashe, bayan ta huta, batir mai lafiya da cikakken caji yana nuna wajen volt 12.6. In ka ga 12.2, kusan rabi ya tafi. Sannan a murɗa makulli mita na maƙale: in lamba ta faɗo ƙasa da 9.6 lokacin da inji ke juyawa, batir ya raunana. In ta tashi, ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.4. Nan ne wurin da mutane ke gaggawar tafiya. Kada ka tafi. Sa a kunna manyan fitilu da sanyi gaba ɗaya, a sake dubawa. In lamba ta zube zuwa 13 ko ƙasa da haka, to ga ɓarawon: ko bel, ko abin da ke ɗame bel, ko alternata kanta. In kuma ta haura 15, caji ya yi yawa, yana dafa batir, shi ma kisa ne.

Akwai wani gwaji da na tsana, har yanzu kuma ana yin sa a gareji da yawa: a cire kan batir inji na aiki, wai in mota ba ta mutu ba caji lafiya. A zamanin Fijo 504 an sha da wannan. Motarka tana da kwamfuta, kuma wutar da ke tsalle lokacin da aka cire kan batir tana iya ƙona ta. Duk wanda ya kai hannu zai yi maka haka, riƙe hannunsa.

Kafin ma ka je ko'ina, buɗe bonet ka kama kan batir ka girgiza. In ya motsa, ko ka ga wani farin gari ko kore ya taru a kansa, wanke shi da ruwan zafi, a kankare, a ɗaure tamau. Bi baƙar wayar da ta tafi jikin mota da inji ka ga ko ta yi tsatsa. Na taɓa ganin wani bawan Allah da ya sayi demara, ya sayi batir, ƙarshe ashe noti ɗaya ne na wayar ƙasa ya kwance. Ranar bai san ko dariya zai yi ko kuka ba.

Game da bel ɗin, injunan VVT-i na Corolla irin taka bel ɗaya ne dogo yake zagaye alternata da kwamfaresa da famfon ruwa. Ma'ana in ya tsinke maka a hanyar Ɗan Isa, ba caji kaɗai za ka rasa ba, inji zai ɗau zafi cikin ƴan mintoci. Duba cikinsa: in ya tsattsage ko yana ƙyalli kamar an goge shi da mai, ya gama aiki. Sau da yawa kuma ba bel ne mai laifi ba, abin ɗame shi ne ya mutu, sai a sa sabon bel, bayan sati biyu kuka ya dawo. A duba su tare. Masu shafa masa sabulu ko birki-oyil don ya yi shiru, bakin mara lafiya suke toshewa.

Yanzu maganar demara da aka faɗa maka, wadda ƴan'uwanmu na Katsina ke ce wa kik. Kunne yana raba wannan gardama. Ƙas-ƙas-ƙas da sauri, fitilun dashbod suna lumshewa, wuta ce ba ta isa ba. "Ƙas" guda ɗaya mai ƙarfi, sannan shiru, fitilu kuma tar, nan ne ake zargin demara, galibi gawayinta ya cinye ko maɓallin jikinta ya ƙone. Irin wannan ce in aka ɗan ƙwanƙwasa ta da ƙarfe take tashi, ta kai ka gareji, ba ta kai ka Tasawa ba. In ka ji "wiiii" tana juyawa ita kaɗai inji bai motsa ba, haƙoranta ba sa kamawa. Taka ƙarar ta farko ce, don haka da alama demararka ba ta da laifi.

Tunda wasu masu karatu za su ce tasu daban take: in inji yana juyawa da ƙarfinsa amma ya ƙi kamawa, a bar batir ya huta, a nemi mai ko wuta. Murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa ba tare da ka tayar ba, ka kasa kunne wajen kujerar baya. Famfon mai yana yin "zzz" na daƙiƙa biyu ko uku a motoci da yawa. Amma wasu Toyota sai inji ya fara juyawa famfonsu ke tashi, don haka shiru kaɗai bai isa a yanke masa hukunci ba. Famfon nan cikin tanki yake, man ne yake sanyaya shi. Mai al'adar zuba lita biyu ta ruwa-ruwa a bakin hanya, allura kullum a kan ja, shi yake gasa famfonsa da kansa, ga dattin kwalba da mazurari da ke tafiya cikin matata. Motar da ke tashi lafiya da safe amma ta ƙi bayan ta yi zafi, sai ta huce rabin awa, sau da yawa na'urar da ke karanta juyin inji ce. Motocin fetur da aka yi don Turai tun daga 2001 suna da wurin sa na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari. In ta nuna P0335, an kama shi. Wannan ya fi a yi ta sauya buji ana addu'a.

Wani abu kuma game da garinmu. Mutane suna cewa sanyi ke kashe batir, saboda a watan Disamba da Janairu ake ganin layin masu turi da asuba. Zafin Afrilu da Mayu ne ya yi kisan, lokacin da rana ke wuce digiri 40, ruwan batir yana ƙafewa; hunturu gawa kawai yake tonowa. In batirinka mai murafu ne, duba ruwansa kowane wata a bazara, a ƙara masa tataccen ruwan batir. Ba asid ba, ba ruwan famfo ba, ba na leda ba.

Sai ƙwas-ƙwas na kwana. Wannan kardan ne, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa taya, kansa da ke kusa da taya. Karya sitiyari har ƙarshe, leƙa bayan tayar dama, za ka ga wata baƙar roba mai lanƙwasa-lanƙwasa. Na kusa rantsewa ta yage, giris ya fantsama a jikin ƙafa. Da ta yage, yashi ya shiga, yashin Maraɗi kuwa ba sai an gayyace shi ba, ya haɗu da giris ya zama abin wasa wuƙa. Da a ranar da ta yage aka gani, roba da giris sun wadatar. Tunda har ya fara magana, kan kardan ɗin za a sauya. Zai iya jan ka makonni, amma ranar da ya saki, inji zai yi ta ihu mota na tsaye. Ka sa a duba robar hagu ma tun tana da rai.

Kada ka rikita shi da sauran ƙararrakin ƙafa. "Wuuu" da ke ƙaruwa da gudu, ta canza in ka ɗan karkata sitiyari, boris ɗin taya ne. Gwaf-gwaf a kan ramuka ko hanyar laterit, bushi ne ko ƙananan sandunan ƙafa, wani lokaci amotisa, mai shanye girgizar hanya. Tsuwwa in ka taka birki gargaɗi ne cewa takalman birki sun kusa ƙarewa. In ta koma gurzar ƙarfe da ƙarfe, ka riga ka fara cin farantin birki.

Shi kuma wanda ya ce maka inji ya gaji, tambaye shi da me ya gane. Inji mai gajiya yana da shaidunsa: shuɗin hayaƙi, shan baƙin mai tsakanin juye da juye, rashin ƙarfi a hawa. Ba ka ambaci ko ɗaya ba. Ƙarar da za ta sa in ce ka kashe mota nan take, ko a tsakiyar titi ne, ita ce bugu mai nauyi daga ƙasan inji, dum-dum-dum, mai bin totur, musamman in jar fitilar baƙin mai ta kama. Wannan ba a lallaɓa shi zuwa gareji, janyo motar ake yi.

Don haka gobe ka fara da kan batir, sannan mita, sannan bel da abin ɗame shi. In an gyara caji, sa a ɗora batirinka na yanzu a kan caja mai yin caji a hankali ya kwana, a sake auna shi bayan kwana biyu. Mai yiwuwa bai mutu ba, yunwa ce. In ya riƙe caji amma ka ajiye mota dare ɗaya ya sauka, to wani abu ne yake sha a ɓoye, kuma wuri na farko da nake dubawa shi ne rediyo ko ƙarin fitilun da aka ɗaura kai tsaye a jikin batir. Kardan kuma kada ya wuce ƙarshen watan nan, tunda hanyar Ɗan Isa kake bi.