Abin da ke sa kifi ya dagargaje a miya

Ɗana, jiya ka tambaye ni me ya sa in ka ɗora miyar kifi sai kifin ya watse, ƙaya ta cika romo, alhali nawa yakan fito gunduwa-gunduwa. Cinikin rana bai bar ni na amsa maka ba, to saurara.

Na lura da hannunka. Kana zuba kifi tare da kayan miya kamar mai dafa naman sa. Nama ne ke son doguwar wuta, kifi kuwa minti 10 zuwa 15 sun ishe shi. Fara soya albasa a man gyaɗa, ka zuba jajjagen tumatir da tattasai da attarugu, ka bar su har tsamin tumatir ya mutu, mai ya taso. Sannan daddawa da ruwa. Kabewa ta riga gauta shiga, don ta fi ta tauri. Sai sun yi laushi za ka jera kifi a kai, ka janye itace, ka rufe. Daga nan ludayi ya gama aikinsa. In kana tsoron miya ta kama, riƙe kunnuwan tukunya da tsumma ka jijjiga ta a hankali. Wallahi raina yakan ɓaci in na ga ana juya kifi kamar ana tuƙa tuwo, kuɗin mutane ne ke narkewa.

Kuma ka san kifin da ke hannunka. Mu a nan Garwa ta Kamaru Allah ya ba mu kogin Binuwai, ga tafkin Lagdo tun da aka gama madatsar a 1982, saboda haka kowane iri yana zuwa mana. Giwan ruwa, wanda masu Faransanci ke ce wa kapiten, tsokarsa na da ƙarfi, yana jure wuta. Karfasa ce mai rauni. Barbaɗa mata gishiri, ka ajiye ta rabin awa ta tsane, ka soya ta sama-sama kafin ta ga miya. Tarwaɗa kuwa sai ka kwarara mata ruwan zafi, ka kankare yauƙin, ka murje ta da lemun tsami, in ba haka ba ƙarni zai bi miyar har kwano. Banda, wato kyafaffen kifi, kaɗai nake sa wa da wuri, bayan na jiƙa na wanke yashin.

Ganye yana shiga gab da kifi. In yakuwa ce, wadda Fulani ke kira folere, tafasa ta daban ka zubar da ruwan farko. Kada ka kashe tsaminta da kanwa mai yawa, miyar za ta yi duhu, ɗanɗano ya tafi.

Gobe da asuba za mu je kasuwa tare. Kai za ka ɗaga kunnen kifin, in cikin kunnen bai yi ja ba, mu wuce gaba.