Ranchers Bees ba ƙaramar ƙungiya ba ce, faɗuwa ta yi

Ƙanena, ka tambaya ko ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Ranchers Bees ta Kaduna ta taɓa yin abin a zo a gani, ko kuwa mu manya ne kawai muke kururuta ta, tunda kai a rukuni na biyu, wato NNL, ka taso ka gan ta. Ban ga laifinka ba. Amma ni a Tudun Wada na girma, kuma da ƙafa muke takawa zuwa filin wasa na Ahmadu Bello idan Bees za ta buga, don haka bari in faɗa maka abin da na sani.

Asalin sunanta DIC Bees, ƙungiyar kamfanin ƙera makamai na soja da ke Kakuri. Da wannan sunan ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale a 1983, Rangers ta Inugu ta ɗauke shi. Daga baya ta koma hannun Alhaji Muktar Aruwa, wanda ya zama sanatan Kaduna ta Tsakiya a 1999, sunan ya koma Ranchers Bees. A 1987 ta sake zuwa wasan ƙarshe, Abiola Babes ta yi nasara.

Shekaru biyu da suka biyo baya su ne har gobe nake jin su a jikina. A 1988 Bees ta wakilci Najeriya a gasar masu riƙe da kofi ta Afirka, ta yi ta cin wasa har ta kai ƙarshe, inda Bizertin ta Tunisiya ta tsere da ci ɗaya tilo a wasa biyu. Ƙwallo ɗaya, wallahi. Na tuna mahaifina ya kashe rediyo ya miƙe, ko tuwon dare bai taɓa ba. Sai a 1989 Allah ya share mana hawaye, ta doke ASEC ta Abijan ta ɗauki kofin WAFU na Afirka ta Yamma. A cikin 'yan wasan akwai wani matashi ɗan Kaduna mai ƙirar samudawa, Daniel Amokachi. Idan ya ja ƙwallo, sai ka ga 'yan baya suna bangazarsa suna zubewa. Daga nan kocin Najeriya na lokacin, Westerhof, ya ɗauke shi zuwa gasar Afirka ta 1990 a Aljeriya, ya wuce Club Brugge ta Beljiyam, daga baya Everton.

Mu yara ba mu da kuɗin tikiti. Sai mu tsaya bakin ƙofa, mu kama hannun wani dattijo mu ce "Baba, shiga da ni." Idan ba a dace ba, mu jira a buɗe ƙofa gab da tashi, mu kwasa a guje mu kalli mintocin ƙarshe.

To me ya kayar da ita? A ganina, ƙungiyar da ta dogara da aljihun mutum ɗaya tana tafiya ne a kan siraɗi. Abiola Babes da Leventis United, duk ƙarfinsu, masu su na janye hannu suka watse. Da aka fara gasar ƙwararru a 1990 kashe kuɗi ya ƙaru, ƙungiyoyin gwamnatocin jihohi suka fi jure wahala. Sannan ga dish ya shigo gari, gidajen kallo suka kwashe matasa, kowa ya zama ɗan Arsenal ko Man U. Wannan ɓangaren laifinmu ne, mu 'yan kallo, kuma yana ci mini rai.

Rukuni na biyu kuwa wuya ce tsagwaronta: doguwar tafiya a bas, fili duk ƙura, albashi sai an ga dama. Na taɓa zuwa wani wasa a filin cikin gari, har muryar koci nake ji daga inda nake zaune saboda ƙarancin mutane.

Da na ji Sadiq Umar, ɗan wasan Super Eagles kuma ɗan Kaduna, ya sa kuɗinsa a ƙungiyar, na yi murna ƙwarai. Idan kana gari ranar wasansu na gida, ka yi mini magana mu tafi tare, tikitinka a wuyana.