Wasiyya ba ta cire ɗa daga gadon mahaifinsa

Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri. Ɗan'uwa, ka ce ya rasu a Jidda, ya bar takarda cewa gida da kuɗin banki na 'ya'yan amarya ne, ku manya kun riga kun tsaya da ƙafarku. Wannan takarda ba ta hana ku komai. Allah ne ya yanka rabon ɗa a Suratun Nisa'i, girma ko wadata ba sa soke shi. Abin da ke hana gado shi ne kisan mamacin ko bambancin addini.

Dokar iyali ta Saudiyya ta 2022 a kan haka take: wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai sauran magada sun yarda bayan rasuwar. Wanda ya yarda, rabonsa kaɗai abin ya shafa. 'Ya'yan amarya magada ne, don haka in ba ku amince ba, wasiyyar ta faɗi. A fara fitar da kuɗin jana'iza da bashi. Ɗauka riyal 480,000 ya rage, da matan aure biyu, 'ya'ya maza biyu, 'ya'ya mata uku, iyayen mamacin ba sa raye: matan su raba tumuni, 60,000, kowane namiji 120,000, kowace 'ya mace 60,000.

Inda ake cutar mutane shi ne wurin sakkin hasarul warasa, takardar da ke ƙidaya magada. Ta Najiz, shafin intanet na ma'aikatar shari'ar Saudiyya, ake nemansa, da takardar mutuwa da shaidu biyu, kuma da shi banki ke sakin kuɗi. Nemi kwafi yau, ka karanta sunaye ɗaya bayan ɗaya. In babu naku, ku shigar da ƙara a kotun ahwalus shakhsiyya, wato kotun harkokin iyali, a gyara, da takardun haihuwa da shaidun da suka san auren mahaifiyarku. Wanda ke Kano ko Zinder ya aiko wakala da hatimin ofishin jakadancin Saudiyya. Don Allah kada kowa ya sa hannu a takardar tanazul, wato ta yafe rabonsa, saboda kunyar dattawa a zaman makoki. Janye ta daga baya da wuya.

Sai ka binciki sakkin gidan, wato takardar mallakarsa. In har yanzu sunan Baba ne a kai, gado ne. In ya mayar da shi sunansu yana cikin ciwon ajali, hukuncin wasiyya ke hawa kansa, rahoton asibiti da ranar canja sunan su ne hujjarku. In kuwa da lafiyarsa ya ba su kyauta suka karɓa, shari'ar ta fi tsauri, a nan kam ku ɗauki lauya mai lasisi kafin ku taka kotu.