Ƙanenki ya koma wa giya: ga yadda abin yake daga ɓangarensa

'Yar'uwa, na karanta tambayarki. Kin ce ƙanenki ya rantse ya bar giya, ya yi 'yan watanni garau, sai ga shi ya sake shigowa gida yana tangaɗi, shi ne kike tambaya ko ki zare hannunki kawai. Ni tsohon mashayi ne, na daɗe rabona da ita, shi ya sa na ce bari in sa baki.

Rantsuwar da ya yi miki har zuciyarsa ya yi ta. Sai dai jikin da ya daɗe yana sha ya riga ya sauya. Giya tana danne ƙwaƙwalwa, ita kuma ƙwaƙwalwar sai ta ƙara ƙaimi don ta daidaita kanta, to ranar da aka janye giyar sai a bar ta tana gudu ba birki. Shi ya sa da sassafe za ki ga hannunsa na karkarwa har ya kasa riƙe kofi, gumi na keto masa, zuciya na bugawa. Kurɓar farko a wannan halin ba daɗi ake nema da ita ba, so ake hannun ya tsaya.

A nan nake so ki kula sosai. Idan kullum yake sha, kuma da yawa, kada ku kulle shi a ɗaki ku ce ya daina yau-yau. Alamomin kan fara tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe. Jijjiga irin ta farfaɗiya na iya zuwa cikin kwana biyun farko, bayan nan kuma wasu kan ruɗe su riƙa gane-gane, abin da likitoci ke kira delirium tremens, kuma yana kisa. Wannan matakin aikin asibiti ne, inda ake ba da magani irin su diazepam da bitamin B1. Daga baya akwai naltrexone da acamprosate masu rage kwaɗayin sha, amma likita ne zai duba hantarsa da ƙodarsa ya zaɓa masa.

Wanke giyar daga jiki mako ɗaya ko biyu ne. Doguwar tafiyar tana bayansa: yammacin da ya saba sha ya zama wayam, abokai na kira, bashi na jira, ga kunyar abubuwan da ya aikata. Ni abin da ya riƙe ni shi ne zama da waɗanda suka taɓa shiga ramin, domin ba a iya yi musu ƙarya, kuma ba sa yi maka kallon banza. A kan wannan aka kafa ƙungiyar Alcoholics Anonymous a 1935 a Akron ta Amurka, lokacin da Bill Wilson da likita Bob Smith, duka mashaya, suka gano cewa hira da juna na hana su sha. Ba kowa tsarinsu ke yi wa ba, amma ɗabi'arsu ta ɗaukar alkawarin yau kaɗai ta fi rantsuwar har abada riƙuwa. Akwai kuma Al-Anon, tun 1951, don iyalan mashaya, wato irinki.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, gaskiya ne, amma tausayi daban, rufa masa asiri daban. Kada ki biya masa bashin giya. Kada ki kira wurin aikinsa ki ce zazzaɓi yake yi. Ki ba shi abinci, ki kai shi asibiti, kuɗi a hannu kam a'a. Idan ya fara duka ko barazana, ki fara kare kanki da yara tukuna. Gori kuwa ki bar shi, musamman a gaban mutane. Kunya ita ce ke mayar da mu ga kwalba, kuma duk baƙar maganar da za ki gaya masa ya riga ya gaya wa kansa wadda ta fi ta.

Har cikinmu da muka daina akwai masu ɗaga hanci idan sun ga wani kwance a gefen hanya, kuma abin na ba ni haushi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 400 ne ke fama da matsalar giya, kuma ta yi sanadin mutuwar miliyan 2.6. Yawancinsu ba su taɓa ganin likita a kanta ba. Ni na samu wanda ya kai ni, bambancin ke nan.

Kada ki yi masa magana yana cikin maye, ba zai tuna ba. Ki jira ya wartsake, ki tambaye shi abin da ya faru a makon da ya koma, da wa ya haɗu, me ya daina yi. Watannin nan da ya yi garau ba su tashi a banza ba, a cikinsu za ku ga abin da ya yi masa aiki. Sannan ki ce masa ke za ki raka shi wurin likita, ku tsayar da rana kafin ku tashi daga wurin.